Sunan da Aka Ba Ni Ajiya

Shekarar da na ajiye alli, bayan shekara talatin da 'yan kai ina koya wa 'ya'yan mutane bambancin jimla da yankin jimla, sai na wayi gari da safiya guda cur a hannuna ban san inda zan kai ta ba. Waɗanda muka yi ritaya tare kowa ya sami abin yi. Wani ya buɗe shagon siminti, wani ya koma gona, wani kuma ya ɗauki aikin gyara wa liman karatu daga sahu na biyu. Ni sai na sayi littafin rubutu mai jan bango, na shimfiɗa tabarma a soron gidanmu a Madabo, na fara ƙera jirgin da zai bar duniya.

Cutar tsohuwa ce. Tun ina saurayi nake tsugunawa gaban tsofaffin littattafan Turanci da ake bajewa a bakin titi, masu hoton mutum ya kifa tukunyar gilashi a ka. Na karanta su da yawa, kuma abu ɗaya ke ba ni haushi a cikinsu. Duk wanda ya tafi sama babu mai tambayar ina alƙibla, kuma ba a taɓa yin taron suna ba. A haifi yaro a wannan shafi, kana juyawa ya zama kyaftin. Ba rago, ba wanzami, ba gwaggon da ta ɗauke ƙafa shekara biyu don ba a sa sunan mijinta ba. Na ce a raina, marubutan nan ba su taɓa zaman gidan yawa ba.

Jirgin nawa ya kai girman cikin ganuwa, da lungunansa da unguwanninsa, yana ta tafiya tsakanin taurari tun zamanin kakannin kakannin waɗanda ke ciki. A can ƙasansa, kusa da injinan tace iska, na zaunar da wata ƙungiya da na kira 'Yan Numfashi. Aƙidarsu guda ce, sauran duk rassanta ne. Sun ce tunda iskar jirgin ba ta fita ko'ina, injina ne ke wanke ta su dawo da ita, to duk kalmar da aka furta ba ta mutu ba, tana nan tana yawo daga ƙirji zuwa ƙirji. Zagin da kakanka ya yi tun ba a haifi ubanka ba, kai kake shaƙarsa yau. Don haka suke rowar magana, abin da ya sa duk wanda ya karanta ya gane nan take cewa ba Kanawa ba ne.

Inda na fi ƙarar da tawada shi ne raɗin sunansu. Kowane ɗansu suna biyu gare shi. Akwai sunan lungu, wanda dattawa ke bayarwa ran kwana bakwai, kuma ba wani abu ba ne illa kwatancen gida: Na-uku na Lungun Tace Ruwa, Ta-fari ta Benen Shuka. Da shi ake kiranka, da shi ake auna maka abinci. Sai kuma sunan kunne. Wannan uwa ce kaɗai ke zaɓarsa, a sa'ar da ta haihu. Takan kifa wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai huda a kan kunnen jariri, ta sa bakinta a hudar ta faɗa, don kada ko harafi ɗaya ya zurare cikin iskar jama'a. Daga baya ta zaɓi mutum guda ta gaya masa ta cikin ƙoƙon nan. Shi ake kira ma'aji. Aikinsa ya riƙe ya yi shiru, ko da shekara tamanin ne. Ran da mai sunan ya mutu, ma'aji zai raka gawar cikin wani ɗan zaure mai ƙofa biyu a jikin bangon jirgin, ya faɗi sunan da ƙarfi sau ɗaya, ya fito. A rufe ƙofar ciki, a buɗe ta waje. Gawa da suna da iskar da ta ɗauki sunan su fice tare. A nan kaɗai jirgin ke yarda ya yi asarar iska.

Mai duba mini lissafin iskar wani tsohon abokin aikina ne, malamin fiziks, wanda kan zo duk Talata bayan la'asar ya sha shayina ya raina mini hankali.

"Malam, ka dai san garin da kake," in ji shi ran da ya gama babi na huɗu. "Ka ƙirƙiro mutane masu watsar da gawa a sarari, ba wanka ba likkafani. Wata rana za a tare ka a ƙofar masallaci a tambaye ka wace ɗariƙa ce wannan."

"Ai tun shafin farko na rubuta cewa ɓatattu ne."

"Ka rubuta ɓatattu ne, sannan ka kwashe duk maganganu masu daɗi ka ba su. Kyaftin ɗinka mai shiriya kuwa, in ya buɗe baki kamar hedimasta yana sanarwar shara."

Gaskiyarsa, ban kuma gyara ba.

Babbar 'yata, wadda ke aikin jinya, ita ta ce rubutun da ya ƙare a soro ba rubutu ba ne. Duk ranar hutunta takan zo gida ta karɓi jan littafin, ta buga babi guda a wayarta, ta tura cikin zaurukan masu karanta littattafai. Can ne matattarar labaran soyayya da na gidan miji, ban zaci kowa zai kula jirgina ba. Sai ga shi an kula. Wata ta tambaya ko 'Yan Numfashi suna yin lefe. Wani ya rubuto doguwar nasiha a kan hukuncin binne mamaci, ya rufe da tambayar yaushe babi na gaba zai fito. Na shekara talatin ina magana gaban yara arba'in da ke jiran ƙararrawa, yau ga mutanen da ban sani ba suna jirana ni. Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga kaina.

Mai ɗakina ba ta cikin masu jiran. Tana karatu sarai, amma ta ce idonta na Alƙur'ani ne da takardar magani. Sunan da ta ba aikin nawa shi ne labarin mutanen cikin gwangwani. In ta aiko da abinci soro takan ce a tambaye ni ko sun iso, ko har yanzu suna hanya.

A nan dole in koma baya, don mutane da yawa suna ɗauka wannan 'yar tawa ita ce ta fari. Ba ita ba ce.

A shekarar farko ta aurenmu, da ciki ya tsufa, aka mai da mai ɗakina gidan iyayenta a Zaitawa kamar yadda ake yi. Ta haifi namiji ran Litinin da hantsi. Na je, aka miƙo mini shi a zaure cikin zane, na yi masa kiran sallah a kunne, na tsaya nan. Ban faɗi suna ba. A gidanmu ƙa'ida ce, ɗan fari namiji Baffa ke zaɓa masa suna, wato wan mahaifina, shi kuwa ya tafi kudu da kayan fata, sai Juma'a ake sa ransa. Lokacin babu wayar hannu. Surukina ya ce da ni, "Malam, ka sa masa ko wanne ne ya riƙe, in Alhaji ya dawo ya ga bai yi masa ba sai ya sauya." Ni kuwa sabon malami, takardar shaida ko ninkewa ba ta yi ba, ina son kowane abu ya bi layinsa. Na ce ai kwana bakwai ne, ina gaggawar take.

Ran Laraba idonsa ya yi rawaya. Ran Alhamis kafin azahar ya koma. Da aka zo sallah liman ya juyo ya tambaye ni sunan yaron, na tsaya ina kallonsa kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Sai ya faɗi sunan da ake ba kowane namiji in an rasa na faɗa, aka ɗauka aka tafi. Baffa ya iso ran Juma'a kamar yadda ya yi alkawari, da rago a bayan mota. Ragon ya zauna a gidanmu har babbar sallah.

Ita kuwa mai jego ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ɗan fari ne, akwai kunya. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, in ya rasu ma ba ta nuna ta san an yi rashi. Gwaggonninta suka yi ta yabo, wai yarinya mai kawaici, Allah ya sa mai ceto ne. Ni ma na yaba. Da ta dawo ɗakinta ban tayar da maganar ba, ita ma ba ta tayar ba, na ɗauka shi ke nan an rufe.

An yi shekara goma sha biyar, ga yara huɗu a tsakaninmu. Wata rana da damina muna dawowa daga wani suna a Ƙofar Na'isa, ruwa ya tsare mu, muka fake a rumfar wani tela da ya rufe shago. Ruwan yana dukan kwano har mutum ba ya jin kansa. Tana kallon kwatar da ke ambaliya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ka san yana da suna?"

"Wa?"

"Wanda ya koma."

Na ce na sani mana, na fara faɗin wanda liman ya sa.

"Wannan na liman ne," in ji ta. "Ni na sa masa nawa tun ran Litinin, da aka fita aka bar ni da shi."

Sai ta matso. Matar da ko jerawa da ni ba ta yi a titi, kullum tana taku uku a baya, ta kama kafaɗar rigata ta jawo ni ƙasa, ta sa baki a kunnena ta faɗa. Gaɓa biyu ne. Ba na Larabci ba ne, ba kuma sunan da na taɓa ji a bakin wani Bahaushe ba. Irin abin nan ne da ke fitowa daga bakin mace in tana kallon jariri babu kowa a ɗakin.

"Ko Inna ban gaya wa ba," ta ce. "Ka riƙe."

Na ce to. Ruwa ya tsagaita, muka fito, ta koma taku ukunta a baya.

Ba sai wani mai nazari ya gaya mini daga ina ƙoƙon ƙarfen nan ya fito ba. Amma wallahi a lokacin da nake rubutawa na ɗauka basirata ce. Har nakan ajiye biro in jinjina wa kaina.

Na zo babi na goma sha ɗaya. A cikinsa wata mace a Lungun Tace Ruwa ta haihu, jaririn ya mutu a kwana na huɗu, kafin dattawa su ba shi sunan lungu. Ba shi da komai sai sunan kunne, ma'ajin kuwa ubansa ne. Uban ya ɗauke shi a tafin hannu biyu ya shiga zaure mai ƙofa biyu. Komai ya zo mini da sauƙi har zuwa inda zai buɗe baki. A nan na tsaya sati biyu.

Na gwada sunaye sun fi arba'in. Na cika shafi biyu da su. Wasu suka fito kamar sunan maganin tari, wasu kamar sabon sabulun wanki, ɗaya kuwa da na karanta wa malamin fiziks ya ce ya taɓa sayen batir mai wannan suna. Duk wanda na sa a bakin uban nan sai wurin ya mutu. Kuma duk tsawon sati biyun na san akwai guda da zai zauna daram. Yana nan a kunnena na hagu inda aka ajiye shi. Wata safiya bayan na karya na ce bari in rubuta shi da fensir kawai, in ga yadda zai yi, in goge. Na rubuta. Na karanta shafin daga sama. Ban goge ba. Na bi kansa da biro.

Ran Talata abokina ya karanta. Sannan ya cire tabarau.

"Wannan ya yi. Amma ka cire sunan."

"Don me? Shi ne ma ƙashin bayan wurin."

"Kai ka kafa doka cewa ba mai ji sai ma'aji da gawa. To mu su wane ne da za mu ji? Ka rufe ƙofar a fuskarmu, mu ga bakinsa yana motsi ta gilashi, shi ke nan."

"Mutum ya biyo ni babi goma sha ɗaya, sannan in hana shi? Kai ka san iska, ni na san labari."

"To, Shehun labari. A ina ma ka samo shi? Bai yi kama da sauran tarkacenka ba."

Na ce zuwa ya yi. Ya mai da tabaransa ya ce Allah ya ƙara basira. Shawarar da ta fi kowace kyau da aka taɓa ba ni a kan rubutu daga malamin fiziks ta fito, ni kuwa na tsaya kare martabar fannina.

Da 'yata ta zo ɗaukar babin na miƙa mata da hannuna. Lissafina mai sauƙi ne: uwarta ba ta karanta labarin mutanen cikin gwangwani. Abin da ban sa a lissafin ba shi ne, a zamanin nan ba sai ka karanta littafi ba, littafin ne ke biyo ka har madafa. Akwai 'yan mata masu daɗin murya da ke ɗaukar labaran nan su karanta a naɗa, mata su kunna a waya suna aikin gida.

Wata Asabar da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakina ina yanke farce. Mai ɗakina tana tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunne, da faranti a cinya tana tsintar wake. 'Yata ta shigo da murnarta, ko mayafi ba ta cire ba.

"Umma, yau dai sai kin ji. An karanta littafin Baba! Wallahi kamar a rediyo."

"Na gwangwani? To kunna mana mu ji ko sun iso."

Ta jingina wayar a jikin turmi ta ƙure murya. Daga jimlar farko na gane babin. Na kuma san tsawonsa, don ni na rubuta: daga nan zuwa zaure mai ƙofa biyu akwai kamar minti shida. Minti shida ya ishi mutum ya tashi, ya ce kai ku kashe wannan abin kuna damuna, ya ce a kawo masa ruwa, ya yi tari, ya yi ko mene ne. Na zauna da abin yanke farce a hannu. Yarinyar ta iya karatu, ta san inda ake tsayawa, ta sa wani ɗan kiɗa mai taushi a ƙasa. Ban taɓa jin jimlolina a bakin wani ba. Ina so in ji yadda wurin zai fito. Wannan ita ce gaskiyar, na juya ta ta kowace fuska ban sami wata a bayanta ba.

Tun daga inda jaririn ya kai kwana huɗu hannun mai ɗakina ya rage sauri. Da uban ya shiga zauren, yarinyar ta ja numfashi, ta faɗi sunan a fili, a tsakar gidanmu, gaban turmi da kaji. Sannan kiɗan ya ɗaga, sai ga ta da wata murya daban tana tallar turaren wuta da atamfa, wai ana kaiwa har gida.

Mai ɗakina ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar waken har ta gama, ta kaɗe farantin, ta zubar wa kaji tsakuwa da gutsattsarin wake. 'Yata tana share ido da bakin mayafi tana cewa, "Baba, kai ma dai. Ina ka samo wannan suna?"

"Mutum nawa suka ji?" in ji uwarta.

'Yata ta duba wayar ta faɗi adadi. Ban riƙe shi ba, na dai san ya fi mutanen unguwarmu. Ta ƙara da cewa har wata ta rubuta a ƙasa wai in ta haihu shi za ta riƙa kiran ɗanta. Uwarta ta ce, "Allah ya raya mata." Ta ɗauki farantin ta shiga madafa. Da azahar aka kawo mini shinkafa da wake, da mai da yaji, komai daidai yadda nake so.

Washegari na fara abin da na iya, wato gyaran kuskure bayan an riga an tattara takardu. Na sa 'yata ta sauya sunan a rubutun, na ce mata bai yi mini ba ne. Ta yi mita ta sauya, ta ce amma Baba wanda ya riga ya yaɗu ya yaɗu. Na sa ta nemo mini lambar mai karantawar. Yarinya mai ladabi, ta gaishe ni har sau uku. Da na ce ta sauke babin ta sake naɗa, sai ta ce, "Haba Baba, ai nan ne wurin da ya fi sa mutane kuka. Ko na sauke, wasu sun kwafa sun sa a nasu." Na yi mata godiya, ban san ta mece ce ba.

Bayan wata guda abin ya zo ta inda ban zata ba. Maƙwabcinmu na bayan katanga ya yi wa ɗansa aure, amaryar kuwa ashe tana cikin masu bin labarin. Aka ba ta 'yar kyanwa, ta raɗa mata sunan. Ba da mugunta ba, don ƙauna ta yi, har aiko mini da gaisuwa ta yi wai ta ji ni ne marubucin. Kullum da safe in ta zuba madara sai mu ji ta ta kan katanga tana kira, tana jan gaɓar ƙarshe. In kyanwar ta hau buhun gawayi a kira ta da tsawa. In ta ɓata a yi ta kira har lungu.

Na sa babbar riga na je na sami angon a shagonsa. Bayan gaisuwa na ce wata 'yar alfarma na zo nema, ko iyalinsa za ta sauya wa kyanwar nan suna.

Ya dube ni, ya dubi rigar. "Kyanwa, Malam?"

"Ita."

"Wani abu ne da sunan? Ko saɓo ne ba mu sani ba?"

"A'a, ba saɓo ba ne."

"To ai ita don girmamawa ta sa. Cewa take duk littafin babu abin da ya kai shi."

Na tsaya a nan. In na faɗi dalili na ƙara tona abin da na riga na tona, in ban faɗa ba na zama tsohon da ritaya ta taɓa wa kai. Na zaɓi na biyun. Ya ce in sha Allahu zai yi mata magana, yana danne dariya har kafaɗarsa na rawa. An daina kira da ƙarfi na kwana uku.

Duk wannan lokaci mai ɗakina ba ta ce mini uffan a kai ba. Ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaure fuska ba, gaisuwar safe ba ta ragu ba. Abu ɗaya na lura, in amaryar ta fara kira sai ta tashi ta kunna famfo, ko akwai abin tara ko babu. Na fi wata biyu ina shirya jawabi. Na tsara shi da gabatarwa da gundarin magana da kammalawa, har da wani sashe a kan yadda marubuta ke ɗaukar abin da ya fi musu tsada su sa a aikinsu.

Ran da na shiga ɗakinta, bayan azahar ne, tana ninke kayan wanki a bakin gado. Na zauna a kujera, jawabin ya gudu ya bar ni.

"Hajiya, na yi laifi."

"Wanne?"

"Kin sani."

"Na sani. So nake in ji ko kai ka sani."

Na ce an ba ni ajiya na kai kasuwa. Ta ɗauki wani zane ta kama bakinsa da haɓa tana ninkewa.

"Ran nan da aka kunna," ta ce, "ka san yana zuwa?"

Da na ce ban sani ba, da ta karɓa, ko don a zauna lafiya. Na ce na sani.

"Na ga ƙafarka tana rawa," in ji ta. "Na ɗauka tashi za ka yi."

Ta ajiye zanen a kan 'yan'uwansa, ta daidaita gefensu da tafin hannu.

"Malam, ni ban iya irin maganarku ba. Shekara talatin da biyar, in na idar da sallah na shafa, nakan kira shi sau ɗaya a raina. Ba addu'a ba ce, shi ba ya bukatar tawa. Kira ne kawai, ya san ban manta ba. Yanzu in na kira sai in ji muryar yarinyar nan, da kiɗanta. Wani lokaci har turaren wutar nake ji."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ran da abin ya faru, don ba ta son ta kwana da nauyin kowa. Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin an ɗauke wuta. Na ce zan ƙona littafin, ta ce in ƙona me, mutane suna jira, kuma me gwangwani ya yi mini. Na ce to me zan yi. Ta ce babu.

"Kar ka damu kanka," ta ce. "Na bar musu wancan, su da kyanwarsu. Na sake masa wani."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Wanne?"

Ta dube ni. Ba harara ba ce, babu ma fushi a ciki. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ɗauki kayan da ta ninke ta buɗe durowa.

"Yanzu za a kawo maka abincin, ko sai ka dawo daga la'asar?"

Na ce sai na dawo.

Shekara uku ke nan. Muna zaune lafiya, duk wanda ya shigo gidanmu zai ce haka, ba kuma ƙarya ya yi ba. Wani lokaci in na wuce ƙofarta bayan sallah nakan gan ta a kan darduma ta shafa, ta ɗan yi jim, leɓenta ya motsa kaɗan. Ba na tsayawa. Ni in na zo ambatonsa sai in ce yaron nan na Zaitawa, Allah ya san wanda nake nufi. Ban ƙara tambayarta ba.